Kafin Ka Taɓa Sabar Imel, Tambayi Sunanta

Ɗana, mai kula da sabar imel ba a tunawa da shi sai ranar da saƙo ya ƙi isa. Ranar ce waya ba ta hutawa. Akanta yana cewa takardar kuɗi ba ta kai ga abokin ciniki ba, oga yana tambaya ko kutse aka yi mana, kai kuma gumi ya rufe ka. Na ga matasa masu hazaƙa, maza da mata, a irin wannan rana, kuma kusan hanya ɗaya suke bi. A sake kunna saba. In bai yi ba, a goge manhajar imel ta Postfix a sake sakawa. In har yanzu shiru, a kwaso wasu layuka daga inda aka tsince su a zuba cikin fayil ɗin tsarinta, main.cf. Kafin la'asar matsala ɗaya ta haifi uku, kuma ba mai tuna yadda fayil ɗin yake da safe. Ban ga laifinsu ba, matsin lamba ba ya barin mutum ya yi tunani. Sai dai garin gyaran gira ake rasa ido. A abin da na gani, sau da yawa manhajar lafiyarta ƙalau. Suna ne ya sami tangarɗa, kuma suna ba a fayil ɗaya yake zaune ba.

Ka ɗauki sabarka kamar baƙon da ya yi sallama a ƙofar gida da dare. Mai gida zai ji sunan da ya faɗa da bakinsa, amma ba zai buɗe ba sai ya tabbata mutanen unguwa ma da wannan sunan suka san shi, kuma gidan da ya ce daga can yake sun amsa cewa nasu ne. Haka abin yake tun 1982, lokacin da Jon Postel ya rubuta ƙa'idar SMTP: saba tana buɗe magana da HELO, ko EHLO a sabon tsari, ta faɗi sunanta. Wannan suna na farko ke nan, kuma yana hannunka. Na biyu shi ne wanda na'urar kanta ta san kanta da shi. Na uku yana cikin DNS na domen ɗinku, inda layin A ke cewa wannan suna yana kan wannan lambar IP, layin MX kuma ke cewa wasiƙun wannan domen ga inda za a kai su. Na huɗu shi ne PTR, wanda ke juya lambar IP ta koma suna, shi kuma ba a hannunka yake ba ko kaɗan. Duk aikin da za ka yi ranar da saƙo ya maƙale shi ne ka gano wanne daga cikinsu ya saɓa wa sauran.

Amma kafin ka buga umarni ko ɗaya, karanta log. A Debian da Ubuntu yana /var/log/mail.log, a dangin Red Hat yana /var/log/maillog, inda babu su kuma journalctl zai nuna maka. Ruwa ba ya tsami banza, saba kuma ba ta ƙin saƙo ba tare da ta rubuta dalili ba. Abu na farko da idonka zai nema shi ne lambar da ke farkon amsa. In ta fara da 4, an ce maka ka sake gwadawa ne, saƙon yana nan a layi, kuma Postfix a tsarinsa na asali zai yi ta gwadawa har kwana 5. In ta fara da 5, an mayar da saƙon ke nan. Sanin wannan kaɗai yana kwantar da hankali. Wanda ya ga status=deferred ya san wasiƙun mutane ba su ɓata ba, yana da lokacin da zai zauna ya yi tunani, kuma zai iya gaya wa oga haka da gaskiyarsa. Umarnin postqueue -p zai jera maka abin da ke jira tare da dalilin kowanne. Ina roƙonka, kada ka share layin nan don ka ga ya yi tsawo. Amanar mutane ce a ciki.

Daga nan ka tambayi na'urar sunanta da hostname -f. Amsar da kake so cikakken suna ne, irin mail.example.com. In ta ce maka localhost, ko ubuntu, ko mail kawai babu sauran, to ka kama bakin zaren. Sendmail, tsohuwar manhajar da Eric Allman ya rubuta, tana da hali sananne a kan wannan: takan tsaya cak lokacin tashi, ta rubuta "My unqualified host name unknown, sleeping for retry", matashi kuma ya ɗauka na'urar ce ta yi nauyi. Postfix ba ya tsayawa, sai dai ya fita duniya da guntun suna, sabar da ke can ta amsa masa da "need fully-qualified hostname". Gyaran bai fi layi biyu ba. A /etc/hosts cikakken suna ne ke fara zuwa bayan lambar, sannan guntun ya biyo, domin na farkon ake ɗauka a matsayin na gaskiya. Kada lambar 127.0.1.1 ta ba ka tsoro in ka gan ta a wurin, al'adar Debian ce. Sannan ka rubuta myhostname da hannunka a main.cf, kada ka bar Postfix ya yi hasashe. In sabar haya ce a kan intanet, ka sake kunna ta da gangan bayan gyara ka duba ko sunan ya zauna, don cloud-init kan mayar da waɗannan fayiloli yadda suke in ba a hana shi ba.

Akwai wani kuskure a nan da nake so ka tsaya a kansa, domin masu hankali ne suka fi faɗawa cikinsa. Mutum ya sayi example.com, sai ya ga ya dace sabar shafinsa ma ta amsa sunan example.com. Wasiƙun ma'aikata kuwa suna wurin Google ko Microsoft. Saƙon da shafin ya aika wa kowa a duniya yana isa, amma wanda ya aika wa ma'aikacin kamfanin kansa ba ya zuwa. Dalilin shi ne Postfix yana sa sunan na'ura cikin mydestination, wato jerin sunayen da yake ɗauka nasa ne. Da ya ga adireshin, sai ya ce ai wannan na gida ne, bai ko tambayi MX ba, ya nemi mutumin a cikin na'urar, bai same shi ba, ya mayar da saƙo ko ya jefa shi a akwatin da ba mai buɗewa. Akasin wannan ma yana faruwa: MX ya nuno sabarka, amma ba ka gaya mata domen ɗin nata ne ba, sai ta yi ƙoƙarin tura saƙon gaba, ta tarar gaban ita ce, ta rubuta "loops back to myself". Na'ura sunanta daban, domen sunansa daban. Ka raba su tun ranar farko.

Yanzu ga abin da ya fi rikita matasa, kuma shi ne zuciyar wannan sana'a. Kafin 1983 babu DNS. Fayil ɗaya ne, HOSTS.TXT, wanda Elizabeth Feinler da ma'aikatanta ke kula da shi a cibiyar SRI da ke Kalifoniya, kowace na'ura ta kwafo shi. Da na'urori suka yi yawa, Paul Mockapetris ya tsara DNS. Amma tsohon fayil bai mutu ba, shi ne /etc/hosts da ke na'urarka yau. Saboda haka majiya biyu ce, kuma kowace manhaja da wadda take saurara. Umarnin ping da getent hosts suna bin tsarin da aka shimfiɗa a /etc/nsswitch.conf, galibi su fara da fayil. Shi kuwa dig bai san da fayil ɗin ba, kai tsaye DNS yake tambaya. Postfix ma, in zai kai saƙo waje, DNS yake tambaya a tsarinsa na asali. Shi ya sa za ka ji yaro yana rantsuwa cewa ya yi ping ya amsa, alhali saba tana cewa ba ta ga sunan ba. Dukansu gaskiya suka faɗa. Ba tambaya ɗaya suka yi ba, kuma ba wuri ɗaya suka kai ta ba. Ka saba wa kanka yin tambaya yadda sabar ke yin ta: daga cikin na'urar, ba daga kwamfutar cinyarka ba, kuma ka nemi MX tukuna da dig MX, sannan ka nemi A na sunan da ya fito.

Har a cikin na'ura ɗaya ma akwai ɗaki cikin ɗaki. A yawancin tsarin Debian da Ubuntu, sassan Postfix suna aiki a killace cikin /var/spool/postfix, kuma ba sa ganin /etc/resolv.conf na ainihi. Kwafinsa suke karantawa, wanda ake ajiye musu a /var/spool/postfix/etc lokacin da manhajar ke tashi. Ga wanda sabarsa ke ɗakin ofis a ƙasarmu wannan ba labarin littafi ba ne. A ɗauke wuta, batir ya ƙare, a tayar da janareta, saba ta riga na'urar intanet farkawa, Postfix ya kwafi fayil ɗin tun babu komai a ciki. Bayan minti kaɗan intanet ya dawo, dig yana amsawa sarai, amma log cike yake da "Host or domain name not found" da "try again". Ka buɗe fayilolin biyu ka gwada su da juna. In sun bambanta, sake tayar da Postfix kaɗai ya isa na yau, na gobe kuma shi ne ka tsara kada ya tashi sai layi ya zo. In ka ga 127.0.0.53 a resolv.conf, wannan systemd-resolved ne ke tsakani, resolvectl status zai nuna maka waɗanda yake tambaya a zahiri.

Ka koyi bambance amsoshi, don rashin amsa iri-iri ne. NXDOMAIN na nufin an kai ga masu iko da sunan sun ce babu shi. Nemi harafin da aka rubuta ba daidai ba, ko layin da ba a saka ba. SERVFAIL na nufin wanda ka aika ya nemo ya kasa kawo amsa. Wataƙila sabobin DNS na domen ɗin ne suka faɗi, wataƙila sa hannun DNSSEC ne ya lalace bayan an sauya kamfani. Shiru har lokaci ya ƙure kuwa yawanci katangar tsaro ce. Mutane kan buɗe ƙofa ta 53 ga UDP su manta da TCP, sai ƙananan amsoshi su wuce, manya su maƙale, abin ya zama yau ya yi gobe bai yi ba. In ka rasa inda zaren ya tsinke, dig +trace zai bi da kai daga tushe har ƙasa, mataki mataki. In kuwa suna ya fito daidai amma log na cewa "Connection timed out" a ƙofa ta 25, to ka bar DNS ya huta. Kamfanonin hayar saba da yawa suna toshe wannan ƙofa ga sabon mai haya sai ya nema.

Kurakuran MX kaɗan ne, sai dai sun ƙi ƙarewa. MX suna yake nunawa, ba lambar IP ba. Sunan kuma ya kasance mai layin A nasa, ba CNAME ba. Ƙa'ida ta hana tun tuni, kuma abin da ya sa yake da haɗari shi ne wasu sabobi sukan yi haƙuri su kai saƙon, wasu su ƙi, kai kuma ka rasa gane dalilin da wasiƙar wane ta zo ta wane ba ta zo ba. Ƙaramar lamba ita ake fara gwadawa, 10 kafin 20. In da hannu kake rubuta fayil ɗin domen, ɗigon ƙarshe ba ado ba ne: ka manta shi, mail.example.com ya koma mail.example.com.example.com, kuma dig zai nuna maka haka ƙarara in ka duba. Ka ƙara lambar SOA bayan kowane gyara don sauran sabobin DNS su ɗauka. Masu amfani da Cloudflare kuma, sunan sabar imel ba a kunna masa gajimaren nan ruwan lemo, don wannan hanyar ta shafuka ce, ba ta ɗaukar SMTP.

Sai PTR, wanda na ce ba a hannunka yake ba. Na ga masu shafe yini suna neman inda za su saka shi a shafin kamfanin da ya sayar musu da domen. Ba ya can. Ikon PTR yana bin lambar IP ne. A Afirka hukumar AFRINIC, mai hedikwata a Morishus, ita ke raba lambobi ga kamfanoni, wanda aka ba lambobin kuma shi ke da ikon sunayensu na juyi. Saboda haka kamfanin da ya ba ka layi ko ya ba ka hayar saba za ka nema. Ka duba da dig -x da lambarka. Sunan da ya fito, ka sake neman A ɗinsa, ya dawo da kai kan lambar da ka fara da ita. Zagayen nan ya rufe, kuma zai fi kyau sunan ya zama shi ne wanda sabar ke faɗa a EHLO. A da ana iya lallaɓawa babu wannan. Tun watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka tsaurara: duk mai aiko musu da saƙo sai lambarsa na da PTR mai dacewa da A, sai kuma yana da SPF ko DKIM, mai aika wa Gmail saƙo 5,000 a rana kuwa sai ya haɗa duka biyun da DMARC. In ka ga 5.7.25 a amsar Gmail, maganar PTR ce. Ka lura da wani tarko a nan. Saba mai IPv6 takan fita ta wannan hanyar ba da saninka ba, kai ka gyara PTR na IPv4 kana mamakin me ya rage. Lambar da aka ƙi tana rubuce a cikin amsar, ka karanta ta. Ko dai ka nema wa IPv6 ɗin nasa PTR da AAAA, ko ka sa inet_protocols ya tsaya kan ipv4 har ka shirya.

Idan za ka rubuta wa kamfanin, ka taƙaita: ga lambata, ga sunan da nake so, ga shaidar cewa A ɗin ya riga ya nuna lambar. Ma'aikacin da ya ga haka ya san da wanda ya san aiki yake magana, kuma ba shi da dalilin mayar maka da tambaya. In kuwa layin ofishinku irin wanda mutane da yawa ke fita da lamba ɗaya ne, kamar yadda aka saba a layukan wayar salula, ko lambar tana sauyawa, kada ka wahalar da kanka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka tura saƙonninka ta wata saba mai tsayayyar lamba ta hanyar relayhost, ba abin kunya ba ne, tsari ne da manyan wurare ma ke bi.

Haƙuri a wannan aiki yana da lamba, sunanta TTL. Kowane layi a DNS yana ɗauke da adadin daƙiƙun da aka yarda a riƙe amsarsa kafin a sake tambaya. In 86400 ne, to wanda ya tambaya jim kaɗan kafin gyaranka zai iya zama da tsohuwar amsa har kwana guda. Amsar "babu" ma ana riƙe ta na wani lokaci, shi ya sa wanda ya gwada suna kafin ya saka shi kan ci gaba da ganin babu bayan ya saka. A nan ne gaggawa ke yin ɓarna: ka gyara daidai, ba ka ga sauyi ba, ka ɗauka kuskure ne, ka sake sauyawa, yanzu duniya na riƙe da amsa iri uku. Maganin shi ne ka tambayi sabar DNS mai iko kai tsaye, ka sa @ da sunanta a cikin dig. In ta ba ka sabuwar amsa, aikinka ya ƙare, saura jira. In kuma ƙaura za ka yi zuwa sabuwar saba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka rage TTL zuwa 300 tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka bar tsohuwar saba tana karɓa na 'yan kwanaki bayan ƙaurar.

Wani abu da ke zuwa ta bayan gida: an saka 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a resolv.conf don sauƙi, sannan an sa saba tana duba jerin Spamhaus kafin ta karɓi saƙo. Spamhaus ba ya amsa tambayar da ta biyo ta irin waɗannan manyan hanyoyi na kowa da kowa, sai ya mayar da 127.255.255.254, ma'ana ba ta nan ake tambaya ba. Sabar da ba a koya mata bambancewa ba sai ta ɗauka an ce mai aikowa ɗan damfara ne, ta shiga korar wasiƙun kowa. Sabar imel ta cancanci mai nemo mata amsa na kanta. Unbound ƙarami ne, kyauta ne, kuma saka shi ba ya cin lokaci. SPF ɗin da na ambata kuwa, shi ma yana da nasa tarkon: layi ɗaya tak ake yi wa domen. Biyu sun ɓata juna, kuma in binciken DNS da yake jawowa ya wuce 10, ya rushe.

Duk wannan ba zai amfane ka ba in kana sauya abu biyar a lokaci guda. Kafin ka taɓa, ka adana kwafin main.cf da abin da postconf -n ya fitar. Ka sauya abu ɗaya, ka aika saƙo ɗaya, ka karanta log, ka rubuta abin da ka yi da lokacinsa. Rubutun nan shi zai cece ka bayan wata shida, shi kuma zai ceci wanda zai gaje ka. In ka kai inda ka tsaya, ka tambayi na gaba da kai, matambayi ba ya ɓata. Sai dai ka je masa da layin log ɗin kamar yadda yake, da amsar dig, ka cire adireshin mutane don sirrinsu. Wanda ya zo da "imel ba ya tafiya" kawai, ko malamin malamai ne a gabansa, hasashe zai samu.

'Yata, ke ma da ke nake, kuma ga aikin da nake so ku yi yau ba gobe ba. Ku duba ranar da rajistar domen ɗinku za ta ƙare. In na .ng ne, yana ƙarƙashin NiRA ta hannun dillalin da kuka saya a wurinsa, whois kuma zai nuna muku ranar. Domen ɗin da ya ƙare yana tafiya da MX da A da SPF gaba ɗaya, kuma alamunsa sukan yi kama da duk cututtukan da na lissafa, har mutum ya yi ta tonon saba mai lafiya. Ku duba kuma adireshin da dillalin ke aika tunatarwa gare shi. Sau da yawa na ma'aikacin da ya bar aiki ne, ko kuma yana kan domen ɗin da zai mutu, ta yadda ranar da aka fi bukatar saƙon ba zai iso ba. Ku mayar da shi adireshin da ke wani domen daban, wanda aƙalla mutum biyu a ofis ke buɗewa, ku kuma rubuta ranar a kalandar akanta don kuɗin sabuntawa ya fito wata guda kafin lokaci.